Hattara da masu tallar maganin ƙyallin mota na "shekara biyar" a Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota, musamman na nan Yamai da masu bin hanyar Tawa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in yi shiru, don ba wanda yake so a ce an yi mishi wayo da furfurarshi, to amma jiya na shiga taksi sai direban ya jawo wata kwalba daga ƙarƙashin kujera yana nuna min cikin murna wai ya samu abin da zai hutar da shi fenti har shekara biyar, ina ganinta na gane ta, irin wadda ni ma na saya ce, launi ne kawai ya bambanta, har tutar Jamus ɗin da ke jikin takardar. Nan na ce shirun ya isa haka.

Motata Corolla ce baƙa, tsohuwa ce amma lafiyarta lau, matsalarta guda rana ta cinye mata kapo da rufi, sun yi fari-fari kamar mai kyasbi. Duk wanda yake ajiye baƙar mota a waje cikin watan Afrilu da Mayu a garin nan ya san zancen, zafi ya haura 40, ƙarfen motar kuwa ko hannu ba ka iya ɗorawa. Wata Asabar na kai ta wanki wajen Wadata, ina zaune a benci ina jiran a gama sai ga wani saurayi tsaf-tsaf da jaka a kafaɗa, ya gaishe ni cikin ladabi, Alhaji barka da hutawa, ya zagaya motar yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce Alhaji wannan mota ba fenti take so ba, abinci take so, ka ba ni minti biyar in ba ka ga canji ba kar ka ba ni ko dala.

Ya manna salatif ya raba kapo biyu, ya ɗiga ruwan kwalbar a soso ya goga a gefe ɗaya, wallahi ina kallo baƙin ya dawo, har fuskata na gani a ciki. Ya fasa ledar ruwa ya zuba, ruwan ya dunƙule yana gangarawa kamar a kan ganyen gwaza, ɗaya gefen kuwa ya kwanta shame-shame. Kafin nan yaran wanki da masu jira duk sun taru. Sai ya fito da ɗan gwangwanin man birike ya tsiyaya a kan kapo ya kyasta, wuta ta tashi bal, ni har na miƙe tsaye ina salati, ta mutu da kanta ya goge wurin ba ko tabo. Bai tsaya nan ba ya kama gindin biriken ya ƙwala wa wurin, zane ya fito, ya sa tsumma ya share zanen ya ɓace. Ya ce ka gani Alhaji, nano seramik ne, 9H, kusan taurin daimon, ko makulli ba ya karce shi. Jika 35 ya ce, muka daidaita a jika 25, kwalba rabin lita, ya rubuta min lambarshi a bayan kwalin wai garanti ke nan.

Ran Lahadi na tashi da sassafe na shafe motar kaf da hannuna, har maƙwabta suna tambaya ko sabuwa na yi. Kwana uku ƙyallin ya yi. Ranar Laraba da na dawo ta wata hanyar jar ƙasa sai na ga ƙura ta manne wa motar kamar an barbaɗa yaji a kan tsire, da can in ƙura ta hau iska ma tana rage ta, yanzu kuwa ta kama ta zauna, ka sa yatsa sai ka ji maiƙo. Na kira shi ya ce haka yake yi da farko, yana kan shiga jikin fentin ne, in ba shi sati biyu. Sati biyun na cika yaran suka wanke ta da omo kamar yadda suka saba, tana bushewa kyasbin nan ya dawo inda yake, ba abin da ya ragu. Na sake kira, waya a kashe, har yau.

Abin da ya fi ƙona min rai sai da na je wajen mai fenti na ce to a fesa min kapon kawai a huta. Dattijo ne, ya daɗe a sana'ar, ya shafa kapon ya murza yatsunshi ya shinshina, ya ce Alhaji me ka shafa wa motar nan. Na miƙa mishi kwalbar, ya buɗe ya kai hanci ya yi dariya, ya ce kananzir ne da man silikon, irin wanda ake fesa wa taya da gaban mota ta ciki don su yi sheƙi, sai ɗan turare da aka zuba. Ya ce wannan shi ne babban maƙiyin mai fenti, in aka fesa sabon fenti a kan inda silikon ya taɓa sai fentin ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi, dole sai an wanke an sake wankewa da maganin cire maiƙo, har cikin lungunan roba da bakin gilashi inda ya maƙale, kuma ba zai yarda a buɗe kwalbar kusa da inda yake feshi ba don kar ta ɓata mishi aikin wasu. Kuɗin aikin ya ƙaru ke nan a kaina. Na dawo gida na zuba kaɗan a kofin gilashi na bar shi ya kwana, da safe ya rabu gida biyu, mai a sama wani farin ruwa a ƙasa.

Daga baya na zauna na bi abin a hankali, kuma duk wasan da ya yi a gabana ba wanda ba a iya yi da man gyaɗa. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne, akwai na ƙasa, akwai mai launi, sai verni a sama wanda shi ne mai ƙyallin, kuma kaurin vernin nan wajen mikron 40 zuwa 50 ne, bai ma kai kaurin gashin kai ba. In rana ta ƙone shi ya fara yin fari yana ɓarewa to ya mutu, babu ruwan kwalba a duniya da zai dawo da shi sai feshi. Kowane irin mai ka shafa a wurin zai cike kaushin ya yi duhu na ɗan lokaci, kamar yadda kake shafa man kaɗe a ƙafa lokacin hunturu faso ya ɓuya, an wanke ya dawo. Dunƙulewar ruwa ma haka, mai ba ya shiri da ruwa, shi ke nan sirrin. Wutar kuwa tururin man ne yake ci a sama, cikin daƙiƙa kaɗan ya ƙare kafin zafin ya kama fentin, da ya yi a gefen da bai shafa ba ma haka za a gani, shi ya sa bai yi a can ba. Zanen birike kuma robar biriken ce ta gogu ta bar shaida a kan maiƙon, ba fentin ne ya karce ba balle a ce ya warke.

Shi kuma 9H ɗin da suke ta cika baki da shi, ma'aunin fensir ne, fensirin zane mafi tauri a cikin waɗanda ake gwada fenti da su ana ce mishi 9H, ana nufin wannan fensirin bai karce abin ba. Ma'aunin da daimon yake da 10 a kai daban ne, na duwatsu ne, sun haɗa biyun ne da gangan don mai ji ya ɗauka saura ƙiris motarshi ta zama daimon. Ko seramik na gaskiya, wato maganin da ake shafawa ya ƙandare a kan fenti, ba ya hana makulli ko yashi karce mota.

Kar kuma a ce na ce duk kayan kare fenti ƙarya ne, akwai na gaskiya kuma suna aiki, kawai ba sa yin abin da waɗannan suke faɗa. Kakin mota na asali da ake kira karnuba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunshi a arewa maso gabashin Barazil, yana ba da ƙyalli mai kyau amma makonni yake yi, in ya daɗe wata biyu zuwa uku, a ranarmu ta nan da wankin omo ma ba zai kai ba. Akwai na haɗin masana'anta da yake kai wata huɗu zuwa shida. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Meguiar's na Amurka da Sonax na Jamus duk suna yin irin waɗannan, kuma za ka ga adireshi da lambar haɗi da bayanin yadda ake shafawa a jiki. Shi seramik na gaskiya mai kai shekaru, wanda ake yi da sinadarin silika, a 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, mililita 30 ko 50, kuma ita ce take isar mota guda, to ka ga wanda ya ba ka rabin lita a jika 25 ai ya gaya maka gaskiya da bakin kwalbar, ni ne ban ji ba. Kuma ba a shafa shi a bakin titi cikin rana, sai an wanke motar, an cire dattin da ya kama jikinta, an goge vernin da inji ya yi sumul, an share da alkol, sannan a shafa a inuwa inda ba ƙura, a bar shi kamar awa 24 ba ruwa. Tsumman da aka shafa shi da shi washegari ƙandarewa yake yi ya yi tauri sai dai a yar, nawa tsumman kuwa har yau laushinshi lau sai ƙarnin kananzir.

To wannan duk ƙaramar asara ce in aka gwada da abin da ya samu ɗan ƙanin babana a Tawa, kuma da bakina abin ya same shi, wannan ne yake hana ni barci. A kwana ukun nan da motar take ƙyalli na ɗauki bidiyo na tura mishi da lambar mutumin. Ashe kwalbar ƙugiya ce kawai. Suka sa shi a wani guruf na WhatsApp wanda su kaɗai ke iya rubutu a ciki, kullum bidiyon manyan motoci da muryoyin mutane suna godiya, aka ce ana neman wakili ɗaya tak a kowace jiha, Maraɗi an kama, Damagaram an kama, Tawa ce ta rage kuma akwai wani Alhaji da yake nema, in yana so ya tura kuɗin katan biyu kafin Juma'a. Yaron nan da kuɗin albasar da ya sayar ya tura jika 180, suka turo mishi hoton kwalaye wai an ɗora a motar safe. Ya je tasha ya wuni, ba kaya. Suka ce duwan ta riƙe kayan a hanya sai ya ƙara jika 30 a fitar, nan ne ya kira ni yana cewa yaya anya kuwa, na ce kar ka ƙara ko dala. Kafin magariba sun cire shi daga guruf ɗin. Mun kai ƙara da hotunan hirar da takardar tura kuɗin, muna jira.

In irinsu suka tare ka, ba sai ka yi musu ba, ka ce ka yarda amma a wanke wurin da ya shafa da omo sau biyu a bar shi ya bushe a rana, sannan a sake zuba ruwa. Ka ce ya kunna wutar a gefen da bai shafa ba. Ka shinshina kwalbar, ka girgiza ta, ka nemi adireshin kamfani a jiki, ka tambaye shi ina shagonshi yake ka je ka gani da idonka. Mai kayan gaskiya ba zai ƙi ko ɗaya ba, shi kuwa wancan za ka ji ya ce yana sauri akwai wani Alhaji da ke jiranshi a Plateau. Kuma don Allah masu wurin wanki ku daina barinsu suna baje koli a wurarenku, don mutum yana ganin a wurinku ne sai ya ɗauka kun san su, ni da na koma tambaya yaran suka ce ranar ce farkon ganinsu da shi, ya dai ba su na shayi.

Ni yanzu an fesa min kapo da rufi, na kafa 'yar rumfar zana a ƙofar gida, na hana yara goge ƙura da busasshen tsumma don yashin nan shi ne yake zane verni, sai an fara kwara ruwa, kashin tsuntsu in ya zuba ina wankewa a ranar, sabulun mota na saya aka bar omo, kaki kuma duk wata biyu nake shafawa da yamma in ƙarfen ya huce. Kwalbar tana nan ban yar ba, baƙa ce mai murfin zinariya da tutar Jamus a gefe, an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, direban taksin jiya ya ce shi a bakin Katako aka sayar mishi kuma tashi ja ce, amma da muka buɗe warin ɗaya ne.