Gargaɗi ga masu zuwa Chaina: a kula da 'yan damfarar ganyen shayi a ƙauyen Longjing

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan saƙo na masu zuwa sarin kaya Yiwu ne, musamman waɗanda kan leƙa Hangzhou su sha iska kafin kwantena ta cika. Abin da ya same ni ne ba na so ya sami wani.

Daga Yiwu zuwa Hangzhou bai kai awa guda ba a jirgin ƙasa mai gudu. A bayan tafkin Xihu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, akwai ƙauyen Longjing, inda gonakin shayi suka bi jikin tsauni hawa-hawa, kore shar. A gindin tsaunin Shifeng akwai bishiyoyin shayi 18 da aka kewaye, waɗanda ake cewa Sarki Qianlong ne ya ba su matsayin na fada tun ƙarni na 18. Wurin ya isa a je a gani, ba ni da ja a kan wannan. Matsalar tana wajen masu tarbar baƙo.

Ina sauka daga bas wata dattijuwa mai malafa ta tare ni da fara'a. Ta nuna mini fassara a wayarta: wai ita manomiya ce, gidanta na nan kusa, in zo in huta. Ta fara kai ni bakin wata rijiya, ta ɗebo ruwa ta ce in wanke hannu don sa'a. Ni dai na wanke ne don gumi. Daga nan sai cikin ɗaki, ga kofunan gilashi uku, ga ganye kala uku a faranti. Ta zuba, na sha, ta ƙara. Wallahi shayin da daɗi, ƙamshinsa kamar an soya gyaɗa sama-sama.

To kun san Bahaushe da kunya. Ka sha wa mutum kofi uku, ka tashi hannu rabbana? Na nuna na tsakiya, ta danna 300 a kwakuleta. Na ce a ba ni rabin kilo. Ta shige bayan labule, ta fito da gwangwanaye a liƙe cikin jaka mai kyau, ta sake danna kwakuleta: yuwan 3,000, kuɗin Chaina.

Ga inda tarkon yake. Suna da awo biyu, jin da liang. Jin giram 500 ne, liang giram 50. Ni na ɗauka farashin jin ta ba ni, ita kuwa ta tsaya kai da fata cewa na liang ne, kuma tunda an liƙe gwangwani ba a mayarwa. Kafin in ankara maza biyu sun tsaya a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa ni, amma fara'a ta ɗauke. Da ƙyar muka tsaya a 2,000. Ni da nake ciniki a kan kwabo a kasuwar Futian, babbar kasuwar sari ta Yiwu!

Da na koma Yiwu, yaron da ke haɗa mana kaya ya buɗe gwangwani ɗaya ya shinshina, sai ya kwashe da dariya. Ganyen ya dushe, ba ƙamshi, tsohon ajiya ne. Ba shi na sha a ɗakin ba. A bayan labule aka yi musanya.

Da na san lissafinsu da ban faɗa ba. Shayin Longjing na Xihu na asali daga yanki ɗaya yake fitowa, mai faɗin murabba'in kilomita 168 kacal. Wanda ake ji da shi kuma shi ne wanda aka tsinka kafin bikin Qingming, wajen 4 ko 5 ga Afrilu. Ni a Oktoba na je, tana rantse mini cewa tsinkar wannan makon ce. Mutumin da za ka gani a ƙofar gida yana juya ganye da hannu a kasko mai zafi, haka ake sarrafa shi da gaske, amma ganinsa ba shaida ba ce a kan abin da za a ɗura maka.

In ka je, duk wanda ya fara yi maka magana a tasha ko cikin bas, ka yi godiya ka wuce. Haka direban tasi da ya ce ya san gidan manomi na gaskiya, sau da yawa la'adarsa yake bi. In za ka saya, a rubuta maka farashi da adadin giram a takarda kafin a taɓa ma'auni, a auna a gabanka, a liƙe a gabanka, ka karɓi rasit. Na asali yana ɗauke da tambari mai lambar da ake dubawa da waya. In an tsare ka, 'yan sanda 110 ne, ƙorafin ciniki kuma 12315. Mai son kallo kawai, Gidan Tarihin Shayi na Ƙasa yana nan kusa, a tsakiyar gonaki.

Gwangwanayen suna gida. Na gwada dafa shi irin namu, da sukari da na'ana'a, abokan hira suka kurɓa sau ɗaya suka ce a sake ɗora na kullum.