Rumfar Inna mai miyar ganyen daji a Funtuwa

Tun da aiki ya kawo ni Funtuwa, kuka da busasshiyar kuɓewa suka ishe ni. Wani abokin aikina ne ya ja ni zuwa wata rumfar langa-langa a bayan tashar mota, inda wata dattijuwa ke tuƙa tuwon dawa. Ba allo, ba suna, kowa Inna yake ce mata.

Ganyenta ba na lambu ba ne. Jikokinta ke tsinko shi a bakin gonaki da sassafe: tafasa, lalo, karkashi, gasaya, wata rana har da yaɗiya. Abin da daji ya bayar ranar shi za ka ci. Sau 4 na je a watan Agusta.

Karkashin ne ya kama ni. Ɗanyen ganye take dafawa, ba garin da ake aunawa a kasuwa ba. Takan ɗan jefa kanwa, ta burga da maburgi har yauƙin ya tashi. Miyar ta ji daddawa da busasshen kifi, kuma ba ta cika mata dunƙulen magi kamar yadda matan gari ke yi ba. Loma ba ta tsayawa a maƙogwaro. Rabona da irin wannan tun kakata tana da rai.

Wanda ya san tafasa ya san warinta. Inna toho kawai take ɗauka, ta dafa, ta zubar da ruwan, ta matse, sannan ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Da na ce ta mahaifiyata ta fi wannan ƙarfi, sai ta yi dariya: "Ɗan nan, tafasar da ta tsufa ai ko akuya ba ta kallonta."

Gasayar kam ban yaba ba. Ɗacinta bai dame ni ba, halinta ne, amma sau biyu haƙorina yana karo da yashi. Ganyen da ruwan sama ya fantsama wa ƙasa yana son wanki sosai. Benci biyu ne kacal, ranar kasuwa kuwa sai ka ci a tsaye.

Kuɗin malmala biyu da miya bai kai na farantin shinkafa a cikin gari ba. Ka je kafin azahar, domin karkashi ke fara ƙarewa. Ta kuma gaya mini da zarar an shiga kaka, ita ma kuka za ta koma kaɗawa.