Masu cike takardun haraji a Birnin Kebbi: ina suka ƙware, ina suke tuntuɓe

Ƙananan ofisoshin da ke cike wa 'yan kasuwa da masu sana'a takardun harajin kuɗin shiga a Birnin Kebbi suna da amfani, musamman ga wanda bai saba da lissafi ba. Suna neman lambar TIN (lambar shaidar mai biyan haraji), bayanan asusun banki na wata 12, da rasitan haya da na fansho, su miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 31 ga Maris. A wannan fanni aikinsu yana da kyau.

Matsalar tana wajen lissafi. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, ta sa kashi 15 cikin ɗari kan miliyan 2.2 da ke biye, ta kuma kawo rangwamen haya da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyaka naira 500,000. Wasu ofisoshin har yanzu da tsohon jadawalin haraji suke auna kuɗin 2026. Wasu kuma duk abin da ya shigo asusu sai su ɗauke shi riba, har kuɗin adashi da bashin da aka biya ka, harajin ya kumbura a banza. Dillalin shinkafar Argungu ko albasar Aliero shi wannan ya fi cuta, don yawancin kuɗin da ke ratsa asusunsa na masu kaya ne.

Kada ka damƙa wa kowa kuɗin harajin a hannu. Biya ta banki, ka karɓi rasiti da sunanka, ka adana shi, don takardar shaidar biyan haraji shekara uku baya take dubawa.