Turbo ya lalace: sabo za ka saya, na Beljiyam, ko ka sa babba?

Masu motocin dizal sun daɗe da sanin turbo, musamman masu Hilux da Hiace da Peugeot HDi. Yanzu ya shigo gidan masu fetur ma. Honda Accord daga ta 2018, CR-V daga ta 2017, Ford Escape mai EcoBoost, Mercedes C250, duk ƙananan injuna ne da turbo ke ƙara musu ƙarfi. Ranar da motar ta fara kuka kamar jiniya in an taka totur, ko ta fara fitar da shuɗin hayaki tana shan baƙin mai, bakanike zai ce turbo ya tafi. Kafin ya rufe baki wani a garejin zai ce, "Alhaji, tunda dai canzawa za a yi, ai gara a sa babba, motar ta riƙa tashi." Wannan shawarar ta kyauta ta ci kuɗin mutane da yawa.

Aikin turbo ba wani boyayyen abu ba ne. Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya ta baya, ta gaba kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi, iskar ta ba da damar ƙona mai da yawa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun 1905. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne gudun sandar nan: tana wuce juyi 150,000 a minti ɗaya, ɓangaren hayaƙin yana yin zafin da ƙarfe ke yin ja, kuma ba abin da ke raba sandar da mazauninta sai ɗan siririn baƙin mai. Duk wani aibi a ƙira, komai ƙanƙantarsa, a wannan gudun sai ya bayyana.

Ni zaɓina sabon turbo ne na ainihi, mai lamba ɗaya da wanda aka cire. Kamfanonin mota da yawa ba su ke ƙera turbo da kansu ba. Garrett, BorgWarner, IHI, Mitsubishi da Holset su ne manyan masu yi. Saboda haka ba dole ne ka sayi wanda ke cikin kwalin kamfanin motarka ba. In ka karanta ɗan farantin da ke jikin tsohon, za ka ga sunan wanda ya ƙera shi da lambarsa, ka nemi wannan lambar a kwalin maƙerin, yawanci ya fi sauƙin kuɗi kuma abu ɗaya ne. Daɗin wannan zaɓin shi ne ba abin da za a taɓa a motar. Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta san yawan iskar da yake bayarwa, nozul ɗin an auna su da shi, bututu zai zauna a mazauninsa ba a yanka ba, ba a yi walda ba. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi: wanda ke kukan motarsa ba ta da ƙarfi, ya daɗe yana tuƙa turbo mai mutuwa a hankali, ya manta yadda motar take tun asali. A sa masa sabo mai lamba ɗaya, a wanke intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, a toshe inda iska ke zurarewa, sai ka ji yana cewa ai ba motarsa ba ce. Ƙarfin da yake nema da ma yana cikin injin.

Ya fi muhimmanci ga masu turbo irin na zamani, wanda ke da ƙananan fukafukai a ciki suna buɗewa suna rufewa, kamar na Hilux mai injin 1KD ko Peugeot 1.6 HDi. Abin da ke motsa fukafukan nan a masana'anta ake saita shi da turbon da ya zo da shi. Ba abin da za a daidaita da sifana da ido ba ne a gindin bishiya. Sabo yana zuwa a saice. Tsadarsa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba, musamman da yadda dala ta koma. Amma sau ɗaya ake biya.

Na Beljiyam shi ne na biyu a wurina, kuma nesa ba kusa ba. A Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas za ka same su jibge. Na ainihi ne, wannan shi ne darajarsu. Sai dai ba wanda ya san kilomita nawa ya yi, ko da wane irin mai aka ciyar da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In aljihu ya tilasta, ka je da bakaniken da ka yarda da shi, ka sa yatsa ka kama kan sandar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne matuƙar fankar ba ta taɓa bango ba, amma in ka ja ta waje ka tura ciki ka ji tana tafiya, ajiye shi. Ka leƙa ramin da mai ke shiga, in ka ga baƙin dasƙararren abu kamar gawayi, an sha kashe motar da zafinta. Ka nemi a ba ka kwanakin gwaji a rubuce.

Canza cikin turbon kaɗai, wato katirij, a bar gidan, dabara ce mai kyau in gidan bai tsage ba kuma katirij ɗin na kirki ne da aka daidaita juyinsa a na'ura. Masu buɗe turbo su canza bushi da ringi a kan benci su mayar, ba na ba su motata. Marar suna mai arha da ake odarsa ta intanet kuma, sai dai in sayar da motar za ka yi gobe, kuma ka ji tsoron Allah. Shi kuwa mai son a dasa turbo a Corolla ko Camry da ba ta zo da shi ba, ya sayar da ita ya sayi mai turbo, ya huta.

Sai babban. Ba na cewa ba ya aiki. Yana yi, amma ba shi kaɗai ake saye ba. Dubi injin 1.8T na Volkswagen da Audi, wanda ke cikin tsofaffin Golf da Passat da A4. Mai ƙarfin doki 150 yana zuwa da turbo K03. Da kamfanin ya so ya kai injin 225 a Audi TT, ya sa K04 wanda ya fi girma, amma bai tsaya nan ba: ya sa intakula biyu, ya rage matsin da fistin ke yi, ya canza lissafin ƙwaƙwalwar. Su da suka ƙera injin ke nan. Kai kuma za ka ɗora babban turbo a kan nozul ɗin da, da kulocin da, da lagireton da ya riga ya gaji. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistin ya narke. Ga shi babban turbo yana da nauyin tashi, sai injin ya ɗau juyi sosai kafin ya farka. A cunkoson Kano ko Mararraba motar za ta fi da sanyin jiki, sai a babban titi ne za ta nuna kanta.

Ƙasarmu ma ba ta taimaka ba. Lissafin ƙarin ƙarfi da ake saukowa da shi daga intanet a zuba a ƙwaƙwalwar mota, an rubuta shi ne don fetur mai octane (ma'aunin jure matsi na fetur) 95 ko 98 irin na Turai, namu bai kai haka ba, balle wanda aka sayo a galan a bakin hanya. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, iska mai zafi kuma ita ke sa injin fetur mai turbo ya riƙa ƙwanƙwasa. Da hunturu ƙura ce. Masu cire filtar iska ta asali su sa ƴar buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari don su ji ƙara, su buɗe bayan wata shida su ga yadda ƙura ta cinye bakin fankar. In duk da haka kana so, to ka yi lissafin intakula, nozul, famfon mai, kuloci, birki, taya, da mutumin da ya iya saita ƙwaƙwalwar yana auna abin da yake yi. Na ƙarshen nan shi ya fi wuyar samu.

Maganar doka kuwa, jami'in da ya tare ka a hanya ba girman turbo zai auna ba. Abin da yake gani shi ne abin da gyaran ya haifar. Yawan hayaƙi laifi ne a jerin laifuffukan hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kuma motar dizal da aka ƙara wa mai don ta yi ƙarfi ba ta ɓoye hayaƙinta. Salansar da aka fasa don ƙara, ko aka cire indomin da ke tace hayaƙi, matsala ce wajen VIO a lokacin takardar lafiyar mota, kuma hukumar NESREA na da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ne a awa, ko turbonka ya kai girman tukunya. Motocin haya kuma tun Fabrairun 2017 ake tilasta musu na'urar taƙaita gudu, don haka mai Hiace da ke neman ƙarin ƙarfi ya tambayi kansa ina za shi da shi. In gyaran ya kai ga canza inji gaba ɗaya, lambar inji na cikin takardun mota. Ka riƙe rasit, ka je ofishin lasisi a gyara, kada a tsare ka a shingen bincike da lambar da ba ta dace ba.

Wanda ya fi cizo a ɓoye shi ne inshora. Mai ƴar takardar naira 15,000 ta dole bai cika damuwa ba, amma mai cikakkiyar inshora da ya ƙara wa motarsa ƙarfi bai sanar ba, ya ba kamfanin hujjar ƙin biya ranar da aka yi haɗari. Garantin sabuwar mota ma haka yake tafiya. Wanda ke zaune a waje ya ƙara kula. A Jamus irin wannan gyaran sai masu duba mota kamar TÜV ko DEKRA sun amince an shigar a takarda, in ba haka ba izinin hawa titin motar ya faɗi. A Ingila tun 2014 motar dizal da aka cire wa matatar hayaƙi ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. A Amurka dokar tsaftar iska ta hana taɓa kayan tace hayaƙi, shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kaya da yawa cewa na filin tsere ne kawai. Irinsu ne ake turo mana a kwali. Kuma motar gwanjo daga can tana iya zuwa da ƙwaƙwalwar da wani ya riga ya taɓa, a duba kafin a ɗora wa turbo laifi.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan jabu. A nan aka ƙone ni. Wani dila ya sayar mini da turbo na Hilux a kwali mai kyau, da leda, da takarda a ciki, a kuɗin da ya ɗan gaza na sabo kaɗan, daidai yadda ba za ka yi zargi ba. Bai daɗe ba, ina kan hanya da kaya a baya, sai injin ya ɗauki juyi da kansa. Na ɗaga ƙafa daga totur, bai sauka ba. Na kashe makulli na zare shi, yana hannuna, injin na ta ihu, farin hayaƙi ya rufe titin har na baya suka tsaya. Turbon ne ya saki baƙin mai cikin bututun iska, injin dizal kuma yana iya cin baƙin mansa ya yi ta gudu har ya buga. Sai da na danna birki, na sa giya ta sama, na saki kuloci sannan ya mutu. Da aka kwance, sandar ta yi shuɗi don zafi. Dilan ya ce bakanikena ne bai iya sawa ba.

Jabun iri biyu ne. Akwai kwaikwayo da aka sa a kwalin na ainihi, don kwalayen da babu komai a ciki ma sayensu ake yi. Akwai kuma tsoho da aka wanke da yashi aka fesa masa fenti. Kwali ba shaida ba ne, hujjar tana jikin ƙarfen. Ka je da tsohon naka ka ajiye su gefe da gefe. Na ainihi zubin ƙarfensa sumul ne, rubutun jikinsa a fili, na jabu yana da kaushi da gefuna masu kaifi. Farantin suna ya kasance da lambar kaya da lambar siriyal, ba takardar manne da farce ke ɓarewa ba. Ka dubi notin da ke kan fankar gaba: turbon da aka daidaita juyinsa za ka ga inda aka ɗan goge ƙarfen, wanda ba ko ƙwarzane a wurin abin tuhuma ne. Ka ƙirga fukafukan fankar ka gwada da na tsohon. Ka shinshina, warin fenti ko fetur a sabon kaya labari ne. Ka dubi ramukan noti, in akwai sawun sifana an taɓa ɗaura shi. Garrett da BorgWarner suna da jerin dilolinsu a shafukansu, dubawa ba ta cin komai. Kuma kada ka ba bakanike kuɗi ya je shi kaɗai, ko da ɗan unguwarku ne. Ba don ɓarawo ne ba, shi ma ana yi masa.

Ko na ainihin ne, in ba a gano abin da ya kashe na farko ba, zai bi shi. Yawanci mai ne. A canza siririn bututun da ke kai masa baƙin mai, kada a ce za a busa shi a mayar. Masu 1.6 HDi su sa a duba ƴar ragar da ke cikin notin bututun, toshewarta ta kashe turbo ba adadi. A yi juye da man da littafin motar ya faɗa, da sabuwar filta. A zubar da man da ya taru a intakula. A ɗura mai a cikin turbon da hannu kafin a tayar, a bar injin yana aiki a tsaye na ɗan lokaci. Bayan doguwar tafiya kuma a ba shi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. A kan rasit ɗin, ka sa dilan ya rubuta sunan kamfanin da lambar siriyal da hannunsa, ya sa hannu. In ya fara kame-kame yana cewa ai mu da kai ba ta haka, ɗauki kuɗinka ka shiga shago na gaba.