Sharhi kan Blender: yadda na koya wa ɗan ga-ruwa tafiya a cikin kwamfuta

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin zane a kwamfuta ya ba mu aikin da zai ɗauki kaso mai tsoka na makin ƙarshen zango. Kowane ɗalibi zai ƙera mutum ɗaya a kwamfuta, ya sa shi ya yi motsi na daƙiƙa goma, ya kawo shi a bidiyo. Bai ɗaure mu da wata manhaja ba, amma kusan dukkanmu a kan Blender muka ƙare, saboda kyauta ake samun ta. Na yi wata huɗu ina aiki da ita kusan kowane dare, kuma ina ganin na san ta gwargwadon da zan iya gaya wa ɗalibi ɗan'uwana abin da zai tarar idan ya buɗe ta.

Kasancewarta kyauta yana da tarihi, kuma ya kamata mai amfani da ita ya san shi. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya fara rubuta ta a 1994 domin amfanin kamfaninsu na zanen katun. Da kamfanin da ya riƙe ta daga baya ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka fanshe ta daga hannun masu zuba jari, aka sake ta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa izinin amfani da manhaja da gyara ta da raba ta. Gidauniyar Blender da ke Amsterdam ce ke kula da ita har yau. A wurin ɗalibi irina, ma'anar wannan ita ce babu neman katin biyan kuɗi da dala, babu shigar da manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta, kuma da zarar ka sauke ta sau ɗaya ba ta sake neman intanet domin ta yi aiki. Akwai ma nau'in da ba sai an girka shi ba, ana ɗora shi a filas a yi aiki da shi a kowace kwamfuta, kuma da shi na yi amfani a ɗakin kwamfutocin sashenmu.

Kwamfutata ta hannu ce na saya, ƙwaƙwalwarta gigabayit 8, kuma ba ta da katin hoto na musamman, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotuna. Saboda haka na zaɓi nau'i na 3.6, wanda ya fito a watan Yunin 2023, domin waɗanda suka biyo baya daga 4.0 suna neman katin hoto da ya fi nawa sabunta. Shawarar farko da zan bayar ke nan, mutum ya duba ƙarfin na'urarsa kafin ya ƙona data wajen sauke sabon nau'i.

Makon farko shi ne mafi wuya. Idan ka buɗe manhajar, akwati ɗaya za ka gani a tsakiyar fili, da kyamara, da fitila, sai maɓallai birjik ta kowane gefe. An gina ta ne a kan latsa haruffa: G domin matsar da abu, R domin juya shi, S domin ƙara masa girma ko rage shi, Tab domin shiga cikin jikin abu a gyara shi. Abin da ya fi rikita ni shi ne harafi ɗaya yana iya yin aiki daban gwargwadon ɓangaren allon da kibiyar linzami take a kai. Haka kuma aiki da ita ba tare da linzami mai maɓalli uku ba wahala ce tsantsa, sai da na je kasuwa na sayo ɗaya kafin hannuna ya sake. Wanda kwamfutarsa ba ta da jerin lambobi na gefen dama zai iya kunna wani zaɓi a cikin saituna wanda ke sa lambobin sama su yi aikin juya kallo. Bayan kamar kwana goma yatsuna suka haddace haruffan, daga nan kuma na fahimci dalilin da ya sa aka tsara ta haka, domin aikin yana gudu ƙwarai idan hannun hagu yana kan haruffa na dama yana kan linzami.

Niyyata ta farko ita ce in yi dattijo da babbar riga da rawani, yana tafiya cikin ƙasaita. Ƙera jikin bai ba ni wuya sosai ba, domin akwai kayan aikin da ke sa ka gina rabin jiki ɗaya rabin ya fito da kansa kamar a madubi. Rigar ce ta gagare ni. Duk takun da dattijon ya yi sai gwiwarsa ta huda rigar ta fito waje, kuma da na gwada tsarin da ke sa yadi ya yi lilo da kansa kamar na gaske, kwamfutar ta yi nauyin da ko motsa kallo ba na iya yi. Wannan abu ya dame ni, domin yawancin darussan da ke intanet a kan mutane masu wando da matsattsiyar riga aka yi su, alhali tufafinmu masu yalwa ne, kuma wanda yake son ya yi katun na mutanenmu dole wata rana ya fuskanci babbar riga da zane da hijabi. Na ajiye dattijon zuwa lokacin da hannuna zai ƙara nuna, na koma kan ɗan ga-ruwa mai gajeren wando da 'yar shara, da sanda a kafaɗa da garwa biyu suna reto.

Kafin mutumin kwamfuta ya motsa sai an saka masa ƙwarangwal. Blender tana zuwa da wani ƙari mai suna Rigify, wanda ke ba ka ƙasusuwan mutum a shirye. Aikinka shi ne ka daidaita kowane ƙashi da gaɓar da ta dace, gwiwa a gwiwa, gwiwar hannu a inda take, sannan ka latsa maɓalli ɗaya ya haɗa maka maɗaurai da za ka riƙa ja. Ga mai koyo wannan babbar rahama ce. Sai dai haɗa fata da ƙashi yana buƙatar haƙuri. Karon farko haɗin ya ƙi yiwuwa saboda na bar wasu daga cikin ɗigogin da ake haɗawa su zama jikin mutumin a kan juna a wajen wuya tun lokacin ƙira, sai da na haɗe su. Da ya yiwu kuma, na ɗaga hannun mutumin sai haƙarƙarinsa ya biyo hannun. Gyaran wannan da fenti ake yin sa, inda jan launi yake nufin ƙashin yana jan wurin gaba ɗaya, shuɗi kuma yana nufin bai taɓa shi ba, kuma na yi dare uku a kan hammata da cinya kaɗai.

Sai aka zo ga motsin kansa, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa goma hoto 240 ke nan. Ba kowane hoto kake tsarawa ba. Kana tsayar da mutumin a wani yanayi, ka latsa I domin manhajar ta riƙe wannan tsayuwar a wannan gurbin, ka matsa gaba ka yi wata, ita kuma ta cike tsakani. Na yi haka cikin awa biyu, na kunna ina murna, amma abin da na gani ya sanyaya mini jiki. Mutumin yana shawagi kamar wanda ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, ƙafafunsa suna zamewa a ƙasa kamar a kan santsi, garwayen kuma a sandare suke kamar babu ko ɗigon ruwa a cikinsu. Manhajar ta yi duk abin da na ce ta yi. Matsalar ita ce ni, da nake ganin 'yan ga-ruwa tun ina yaro, ban taɓa kallon yadda suke tafiya ba.

Washegari na je bakin rijiyar burtsatse da ke bayan ɗakunan kwananmu, na gaida wani bawan Allah da ke kawo mana ruwa, na ce masa, Baba, ina neman izini in ɗauki tafiyarka a waya saboda aikin makaranta. Ya yi murmushi ya amince. Na kalli bidiyon nan a hankali, hoto bayan hoto, ya fi sau talatin. Takunsa gajere ne kuma da sauri-sauri, ba ya miƙe gwiwa sarai, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa dogon taku ruwa yake zubarwa. Duk lokacin da diddigensa ya taɓa ƙasa, ƙugunsa yakan ɗan nutse kafin ya sake ɗagowa. Kafaɗar da ke ɗauke da sanda ta fi ɗayar tudu, kansa ya ɗan karkata gefe, hannu ɗaya yana kan sandar ɗayan kuma a buɗe yake yana daidaita shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garwayen ba sa tafiya tare da jikinsa, a baya suke biyo shi, idan ya nutse sai bayan ɗan lokaci su nutse, sandar kuma ta ɗan lanƙwasa a tsakani.

Da wannan ilimin na koma, kuma a nan ne Blender ta nuna mini ƙimarta. Taku ɗaya tsayuwa huɗu ne: saukar diddige, nutsewar jiki, wucewar ƙafa ɗaya ta gefen ɗaya, sai ɗagowa. An saba ba taku ɗaya hoto 12 a tafiya ta yau da kullum, ni kuwa na ba shi 10 saboda saurin takun mai kaya. Ƙwarangwal ɗin Rigify yana ba ka damar kafe tafin ƙafa a ƙasa, ta yadda idan ka sauke ƙugu gwiwa za ta lanƙwasa da kanta ba tare da ƙafar ta gusa ba, wannan shi ya kashe zamewar. Sannan akwai allon da manhajar ke kira Graph Editor, inda kowane motsi yake bayyana a matsayin layi mai hawa da sauka. Da farko na guje shi saboda kamannin darasin lissafi da yake da shi, amma shi ne zuciyar aikin. A nan na gane cewa shawagin da na gani ya samo asali ne daga yadda manhajar take sassauta farkon kowane motsi da ƙarshensa idan ba ka hana ta ba. Na tsananta layin ƙugu a wajen sauka domin nauyi ya fito, na zaɓi dukkan motsin garwayen na ja su baya da hoto uku. Da na sake kunnawa, sai ga mutum yana ɗauke da ruwa mai nauyi, har abokin ɗakina da ke kallo ta bayana ya ce kafaɗarsa ta fara yi masa ciwo. Ban taɓa jin daɗin wani aikin makaranta kamar na wannan daren ba.

Fitar da bidiyo shi ne inda ƙarancin ƙarfin na'ura yake bayyana. Blender tana da injin fitar da hoto iri biyu da aka fi amfani da su. Cycles yana lissafa tafiyar haske kamar a zahiri, hotonsa yana da kyau ƙwarai, amma a kwamfutata hoto ɗaya yana cin kusan minti huɗu, wato awa 16 kafin a gama 240. EEVEE, wanda ya zo da nau'i na 2.80 a 2019, yana gama hoto ɗaya cikin kamar daƙiƙa ashirin, kuma ga katun mai sauƙin launi irin nawa bambancin bai taka kara ya karya ba. Kuskuren da na yi shi ne na sa a fitar da aikin kai-tsaye a matsayin bidiyo, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin da ya riga ya tsufa ya mutu, komai ya lalace. Hanyar da ta dace ita ce a fitar da kowane hoto daban a matsayin fayil ɗin hoto na PNG cikin jaka ɗaya, idan wuta ta ɗauke a hoto na 150 sai a ci gaba daga na 151, daga baya a jera su a ɓangaren tace bidiyo da ke cikin manhajar, a ɗora sauti. Duk wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas ya riƙe wannan da kyau. Manhajar kuma tana ajiye aikinka da kanta duk bayan minti biyu, kuma sau biyu wannan ya cece ni.

Akwai abubuwan da mai shiga ya kamata ya shirya musu. Darussan kyauta suna da yawa a YouTube, amma kusan duk da Turanci suke, suna cin data, kuma waɗanda aka yi kafin 2019 fuskar manhajar da ke cikinsu ta bambanta da ta yanzu har za su iya ɓatar da mai koyo. Yawan abin da take iya yi shi ma jarrabawa ne, domin akwai sassaƙa, da hayaƙi, da ruwa, da Grease Pencil na masu zanen hannu, kuma na ga abokan karatuna da suka ɓata wata guda suna ɗanɗana kowanne ba su gama ko taku ɗaya ba. Da zan sake farawa, da ƙwallo mai tsalle zan fara na mako biyu kafin in taɓa mutum, domin duk abin da na sha wuya a kansa na nauyi da lokaci yana cikin wannan ƙaramin darasin. Game da iyakar ƙarfinta kuwa babu abin damuwa, tunda fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta katun a watan Maris na 2025 da Blender aka yi shi.

Ina ba duk ɗalibin da ke da kwamfuta mai gigabayit 8 da linzami shawarar ya sauke ta ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya ware mata watanni, ya kuma yarda zai riƙa barin allo yana fita kallon mutane. Bayan na miƙa aikin, na kai wa Baban nan wayata a bakin rijiya na nuna masa. Ya kalla sau uku, ya ce tafiyar ta yi daidai, sai dai ya lura mutumin nawa bai sauya kafaɗa ba, alhali mai ɗaukar garwa yakan juya sandar ta bayan wuyansa zuwa ɗaya kafaɗar ba tare da ya tsaya ba. Ya ɗauki garwayensa ya nuna mini yadda ake yi har sau biyu ina ɗauka a waya, kuma wannan juyin nake ƙoƙarin fitarwa a hutun nan.