Shagon rajista na hanyar Dutsin-Ma: abin da yake yi wa ɗalibin Hausa da Tarihi, da inda yake gazawa

Idan kana da yaro ko ƙani da zai shiga jami'a ya karanta Hausa, Larabci, Tarihi ko Addinin Musulunci, ko kuwa kai da kanka kake fama da kundin digiri a ɗayan waɗannan fannoni, akwai wani shagon kwamfuta a birnin Katsina da ke gaba da Ƙofar Ƙwaya a kan hanyar Dutsin-Ma da nake ganin ya isa a yi maganarsa. Ba zan kama suna ba, saboda ina da ƙorafi a kansa, kuma da wannan shago mutumin yake ciyar da iyalinsa. Wanda ya saba bin hanyar zai iya gane shi, wanda bai gane ba kuma ya riƙe siffofin ya auna shagon da ke kusa da shi.

Shaguna irinsa sun yi yawa a wannan layi, kuma da dalili. A kan hanyar nan ake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Alƙalam wadda aka buɗe a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006. Idan ka miƙe har Dutsin-Ma, ga jami'ar tarayya ta 2011 tana jira. Duk mai firinta da janareto zai samu na cefane. Sai dai yawancinsu aikin fom kawai suka iya: ka miƙa takarda, su kwafa, su karɓi kuɗi. Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati, na kammala digiri na biyu kwanan nan, kuma a tsakiyar wannan fama ne rajistar 'yar wana ta faɗo wuyana. Don haka na ga shagon ta ɓangaren sabon ɗalibi, na kuma gan shi ta ɓangaren mai bincike.

Abin da ya fara burge ni shi ne abin da mai shagon ya ce ba zai yi ba. Rajistar jarrabawar JAMB ba a shago ake yin ta ba, sai a cibiyoyin da hukumar ta amince da su. Akwai masu karɓar kuɗin mutanen ƙauye su ce za su yi, daga baya su tura yaro can cibiyar ya sake bin layi. Shi wannan tun daga bakin ƙofa yake gaya maka. Nasa aikin yana farawa kafin nan, wato duba takardu, sannan ya ci gaba bayan sakamako ya fito.

Duba takardun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, kuma sunan da ke jikin katin ɗan ƙasa shi ne zai bi ɗalibi. Mu kuma mun san halinmu da suna. Yaro ɗaya sai ka tarar shi Muhammad ne a NECO, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar haihuwa, a banki kuma an ƙara masa sunan garinsu. Da na kai yarinyar, bai taɓa kwamfuta ba sai da ya baje takardunta a kan tebur, ya ɗauki biro yana bin su harafi bayan harafi. Can sai ya tsaya.

"Malam, duba nan. A wannan sunan mahaifinta ne a ƙarshe, a wannan kuma na kakanta. Ƙanwata, wanne kika sa a makaranta?"

Ta dube ni. "Baffa, ai duk sunanmu ne."

Ya yi dariya ya ce kwamfuta ba ta san dangi ba. Ya nuna mana wanda ya kamata a gyara da ofishin da ake gyara shi, bai karɓi ko sisi ba a ranar. Na ga waɗanda irin wannan saɓani ya tsayar da su a wurin tantancewa bayan sun riga sun biya kuɗi, wasu ma sai lokacin tafiya hidimar ƙasa abin yake fashe masu.

Ya kuma san yadda gurbin karatu yake tafiya a ɓangarenmu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a raba guraben jami'a kashi 60 ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, kuma a cikin wannan 40 ɗin kowa Shari'a yake so, ko aikin jarida, ko kimiyyar siyasa. Sassan Hausa da Larabci da Tarihi da Faransanci sukan samu ɗalibansu ta hanya biyu: waɗanda suka nemi Shari'a makinsu bai kai ba aka ba su shawarar sauya fanni, da masu takardar NCE da ke shigowa kai tsaye aji biyu, daga kwalejin tarayya ta nan, ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ko ta Yusufu Bala Usman a Daura. 'Yar wana tana cikin kashin farko. Lauya take son zama, aka ba ta Tarihi. Tun da JAMB ta shigo da tsarin CAPS na ba da gurbin karatu ta intanet a 2017, ɗalibi ne da kansa zai shiga ya danna ya karɓa ko ya ƙi, kuma gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. Mai shagon bai danna mata ba. Ya juya mata allon, ya bayyana mata abin da kowane zaɓi yake nufi, ya ce ta je gida ta yi shawara da iyayenta. Kalmar sirrinta ma cewa ya yi ta rubuta da hannunta, kuma da imel ɗinta da lambar wayarta aka yi komai. Wannan ya fi ƙarfin ladabi kawai. Akwai shagunan da suke buɗe wa ɗalibi asusu da imel ɗinsu, ya zama duk abin da zai yi har ya gama makaranta sai ya dawo wurinsu ya biya.

Ta karɓi Tarihin. Ni dai ban ga asara a ciki ba, a garin da hasumiyar Gobarau take tsaye, kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1921 yana nan an mai da shi gidan tarihi. Amma wannan ra'ayin malamin Hausa ne, uwarta har yanzu ba ta huce ba.

Biyan kuɗi ba shi da wani dogon labari. Ana ciro lambar biyan kuɗi ta RRR mai alƙaluma 12 daga shafin Remita, a biya ta kati ko taransifa, a buga rasit. Yana da POS a shagon, kuma yakan raba maka lissafi a fili: wannan na makaranta ne, wannan cajin banki, wannan ladan aikina. Yakan buga rasit biyu ya kuma tura maka hotonsa a waya. Ranar da shafin makaranta ya cushe, kuɗi suka fita amma shafin bai nuna ba, ya hana mu sake biya, ya ce a jira a sake tantance lambar. Washegari ta nuna.

Inda ya fi amfanar iyaye, a ganina, shi ne bashin karatu na NELFUND. An sa hannu a dokar a 2023, aka sake fasalinta a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Mutanenmu da yawa sun ja baya don tsoron riba. Na ji shi yana yi wa wani dattijo bayani a tsanake: bashin ba shi da ruwa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Ya kuma faɗa masa gaskiyar da wasu ke ɓoyewa don su karɓi kuɗin cike fom: na makarantun gwamnati ne, mai yaro a jami'a mai zaman kanta ba ya ciki, kuma bashi ne ba kyauta ba. Dattijon ya ce, "To Allah Ya yi maka albarka, yaro," ya tafi bai cike ba. Mai shagon bai bi shi da roƙo ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na zauna rubuta wannan duka, wato buga kundi. Wanda bai taɓa rubuta bincike da Hausa ba ba zai san azabar ba. Yawancin masu buga rubutu a garin nan ba su iya sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ ba. Wasu kuma suna amfani da tsoffin salon haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka yi mana rana a zamaninsu, amma da zarar ka buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da su, sai duk haruffa masu ƙugiya su rikiɗe su zama baka da alamomi. Ka kai wa malamin da ke duba aikinka babi guda, ya buɗe ya ga shirme. A wannan shago akwai wata yarinya mai NCE a Hausa da Larabci, ita ke kan wannan aiki. Tana bugawa da haruffan da ke zama daidai a kowace kwamfuta da waya. Ta san ƙa'idar rubutu, ta san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, har takan sa alama da fensir a gefen takardata inda take ganin hannuna ya zame, ba tare da ta canza da kanta ba. Bincikena a kan kirarin maƙera da majema ne a birnin Katsina, cike da Katsinanci da tsoffin kalmomin sana'a, kuma ba ta taɓa "gyara" mini su zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Ayoyi da baitocin ajami kuma tana buga su da wasullansu, ba ta kwafo hoto ta manna ba. Ɗaliban Larabci da na Addini shi ya sa suke cika bencin.

Kuɗin bincike a fanninmu daga aljihu yake fita. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa kuma take samun kuɗinta daga harajin ribar kamfanoni, tana ɗaukar nauyin karatu da binciken malaman manyan makarantun gwamnati. Malamin sakandare irina ba ya cikin wannan layi. Mutane suna ganin tunda ba ma sayen sinadarai ko na'urori, bincikenmu ba ya cin kuɗi. Su je Kaduna su kwana don duba takardu a ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, su dawo su bi dattawa unguwa-unguwa da goro a hannu, sannan su buga babi ɗaya sau da yawa saboda jan biron malami. A nan mai shagon ya sauƙaƙa mini. Ya ware wa aikina wuri a kwamfutarsa, idan gyara ya zo shafukan da aka taɓa kawai ake sake bugawa, daftari kuma gaba da baya yake buga shi. Idan wata ya yi nisa yakan rubuta a littafi har albashi ya shigo.

Ba ya sayar da kundi. Ina zaune wani saurayi ya shigo ya rage murya: "Maigida, ba ka da wani tsohon aiki na Tarihi a ajiye? A canza suna da gari kawai." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗan'uwa, aikin mutane amana ne a wurina. Kawo naka da hannunka mu buga maka." Na ji daɗin wannan don kaina ma, tunda nawa aikin yana cikin kwamfutar nan.

Ƙorafina uku ne, kuma na farkon ya ƙona mini rai. Ɗaurin kundi mai bango ba a shagon ake yi ba, wani yake kai wa. An ce mini kwana kaɗan, abin ya ɗauki fiye da mako, ga ranar miƙawa ta matso. Da ya zo kuma, rubutun zinaren da ke bangon babu ƙugiya ko ɗaya, domin mai ɗaurin ba shi da waɗannan haruffa a cikin ƙarafunansa. Kundin sashen Hausa guda, cikinsa tsaf, bangonsa da kuskure. Mai shagon ya san haka tun farko, ya kamata ya faɗa mini in nemi wani wuri. Haƙuri kawai ya ba ni, bai rage ko kwabo ba.

Na biyu, babu farashi a rubuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin takarda da tawada suke hawa, wannan kowa ya sani, amma abin da za a caje ka ya danganta da ko akwai wuta ko janareto ke aiki, kuma sai an gama ake faɗa maka. Ban ce yana cuta ba, amma ɗalibin da ya ƙirgo kuɗinsa daga Batagarawa ko Rimi yana bukatar sanin abin da zai biya kafin a danna. Allo ɗaya da alli sun isa.

Na uku cunkoso. Lokacin rajista shagon ba ya ɗaukar mutane, benci ɗaya ne a waje, mata suna tsaye a rana, kuma yarinyar nan ita kaɗai ce ta iya aikin Hausa da Larabci. Ranar da ba ta zo ba, aikinka ya kwana. Kada kuma ka yarda a sa maka filashinka a kwamfutar gaba, wadda kowa ke amfani da ita. Tura aikin ta imel ko WhatsApp ya fi aminci.

Mai kundi ya guji makonnin rajista gaba ɗaya, ya je da sassafe a tsakiyar zangon karatu, ya kuma tambayi kuɗin shafi kafin a fara. Ɗaurin bango kuwa, ka karɓi takardunka ka kai wa mai ɗauri da kanka, ka ce ya nuna maka ƙarfen Ƙ da Ɗ da Ɓ a tafin hannunsa kafin ka ba shi aikin.