Sonic na 1991: Tsakanin Tsohuwar Mega Drive, Wayar Hannu da Sonic Origins

Cikin tsofaffin wasannin bidiyo na gudu da tsalle da aka dawo da su kan na'urorin yau, babu wanda na sani kamar Sonic the Hedgehog, wanda kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar a watan Yunin 1991 don na'urar Mega Drive. Na buga shi a kan ita na'urar ta asali tun muna yara a unguwar Zango, inda ake biyan ƴan daloli a karɓi manet, wato abin riƙewa mai maɓallai, na ɗan lokaci, na buga shi a wayar Android, sannan na gwada shi cikin tarin Sonic Origins a kan PlayStation 4 ta wani abokina da ke Sabon Gari. A ganina na wayar ne ya fi dacewa da mutumin Damagaram, har ma ya ɗara na asalin a wasu wurare, muddin ba da shafar gilashi kaɗai za a buga shi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gudu ne ya ɗaukaka wannan wasa, alhali abin da ya riƙe shi har yau shi ne nauyin da Sonic yake da shi a hannun mai bugawa. Yuji Naka ne ya rubuta manhajar, Naoto Ohshima ya zana shuɗiyar bushiyar, wato Sonic, Hirokazu Yasuhara kuma ya tsara filayen, kuma abin da suka gina duka ya dogara ne a kan tudu da gangare. Sonic ba ya tashi da gudu daga tsaye. Sai ya taka a hankali kafin ƙafarsa ta kama, tudu yana rage masa ƙarfi, idan kuma aka danna ƙasa a bakin gangare sai ya dunƙule, gangaren ya ba shi saurin da ƙafa ba za ta iya ba shi ba. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun hatsi a keke ya san cewa a gangare ake tara ƙarfin da za a haye tudun gaba da shi. Haka hanyoyin nan masu zagaye na filin Green Hill suke: wanda ya shige su da sanyin jiki zai kai rabi ya zamo baya. Abin mamaki shi ne maɓallai uku na manet ɗin aiki ɗaya suke yi, wato tsalle, kuma wasan gaba ɗaya kilobayit 512 ne a cikin kaset.

Zobban zinariya ma dabara ce mai kyau. Muddin akwai ko da zobe ɗaya a hannu, bugu ɗaya ba ya kashe Sonic, sai dai zobban su watse a bi su da sauri a tsinci abin da ya samu. Zobba 100 suna ƙara rai, wanda kuma ya kai ƙarshen mataki da 50 zai ga babban zoben da ke kai shi inda ake neman duwatsun Chaos guda shida. Saboda haka kullum mai bugawa yana cikin zaɓi, ko ya saki gudu ya yi kasada da abin da ya tara, ko ya taka a sannu, agogo kuma yana tafiya, domin minti goma kacal ake bayarwa a kowane mataki.

Filaye shida ne kafin karon ƙarshe da Dakta Robotnik, babban abokin gabar Sonic, kuma ba dukansu ne na gudu ba. Marble, wanda ke biye da Green Hill, fili ne na tura tubala da jira a kan narkakken dutse. Labyrinth shi ne wanda aka fi zagi, ni kuwa shi na fi girmamawa. Sonic bai iya iyo ba, ruwa yana nauyaya kowane motsinsa, kuma yana da kimanin daƙiƙa 30 kafin numfashinsa ya ƙare. Mutum zai tsaya kusa da inda kumfa ke fitowa daga ƙasa, ƙananan kumfa suna ta tashi, babbar da ake shaƙa ta ƙi fitowa, sai kiɗan ya sauya ya zama mai gaggawa, lambobi su fara sauka daga biyar. Wanda rai ɗaya ya rage masa a wannan lokacin yana jin bugun zuciyarsa a yatsunsa. Daga nan ake fita zuwa Star Light, inda hanya ta buɗe kuma kiɗan Masato Nakamura ya yi laushi, kuma daɗin wannan filin rabinsa daga wahalar Labyrinth yake zuwa.

Na asalin yana da nasa aibobi. Allon talabijin na lokacin ƙunci gare shi, don haka idan gudu ya kankama abokin gaba yana bayyana ne bayan lokacin kauce masa ya wuce. Babu ajiye wasa, kuma a garin da wuta ke yawan ɗaukewa a bazara, mutum zai kai Scrap Brain, fili na shida, da gumin goshi, allo ya mutu, a koma Green Hill. Akwai kuma tsinin ƙarfen da ke kashe Sonic idan ya faɗa kansu sau biyu a jere, ko da yana cikin ƙyaftawar nan ta bayan bugu da ya kamata ta kare shi. Bugu da ƙari, na'urorin da aka yi don Turai suna tafiya ne a kan hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60 na Japan da Amurka, abin da ke rage saurin wasan da kiɗansa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Irin wannan na'urar muka sani, saboda haka Sonic ɗin ƙuruciyarmu mai nawa ne.

A shekarar 2013 Christian Whitehead da Simon Thomley suka sake gina wasan don wayoyi a kan injin da ake kira Retro Engine, maimakon su sa waya ta kwaikwayi tsohuwar na'urar. Nauyin Sonic bai canza ba, amma allon ya faɗaɗa har ana hango haɗari kafin a isa gare shi, wasan yana tafiya da cikakken saurinsa, an gyara matsalar tsinin, kuma ana ajiye inda aka tsaya. A shekarar 2017 an mayar da shi kyauta tare da tallace-tallace, kuma bayan an sauke shi ba ya buƙatar intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin kuɗin data. An ƙara Tails mai tashi sama da Knuckles mai hawan bango, an kuma shigo da dunƙulewar nan ta tashi da gudu daga tsaye, wadda ta fara bayyana a Sonic 2 na 1992. Ba na son ta a nan, domin an tsara tudun wannan wasa ne don a koma baya a ɗauko ƙarfi, ita kuwa tana share wannan darasi. Shawarata ita ce a fara gama wasan da Sonic ba tare da ita ba.

Inda na wayar ya gaza shi ne a hannu. Maɓallin da aka zana a gilashi ba shi da baki, babban yatsa ba ya sanin ya sauka daga kansa, balle a zafin Afrilu da gumi ya jiƙe tafin hannu. Na zauna kusa da ɗan ƙanwata yana fama da hawan ƙarshe na Labyrinth, inda ruwa ke tasowa daga ƙasa ana bin Robotnik sama, yatsansa ya zame gefe ba tare da ya lura ba, Sonic ya tsaya cak ruwa ya rufe shi. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wallahi na danna." Da muka haɗa wayar da manet mai Bluetooth, irin wanda ake samu wurin masu kayan waya a Kasuwar Dole, a yammacin nan ya haye wurin.

Sonic Origins ya fito a watan Yunin 2022, ya haɗa wannan wasa da Sonic CD, Sonic 2 da Sonic 3 & Knuckles, kuma a babban allo yana da kyan gani ƙwarai. Sai dai tsarinsa mai faffaɗan allo ya cire ƙidayar rai gaba ɗaya, mutum ya mutu sau nawa ya ga dama, ta haka kuma kiɗan nutsewa na Labyrinth ya rasa abin da yake tsoratarwa da shi. Wanda yake son ƙidayar rai sai ya koma tsarin gargajiya, can kuma allon ya sake ƙuntata. An fara sayar da shi a kan dalar Amurka 40, ban da kuɗin na'urar da za a buga shi a kai, don haka ban ga dalilin da zai sa mai neman Sonic na farko kaɗai ya saye shi ba. Wanda zai ci moriyar kuɗinsa shi ne mai na'ura a gida da yake son Sonic 3 & Knuckles, domin shi ba ya cikin waɗanda aka sake ginawa don waya a 2013.